Haƙuri Mai Wa'adi: Rayuwar Jackie Robinson a Fagen Besbol

A ƙasar Damagaram, daga Guna zuwa Mirriya har cikin birnin Zinder, idan kaka ta yi aka share fagen kokawa, shari'ar fage guda ce: wanda aka kai ƙasa shi ne ya faɗi, ko ɗan wane ne. Makaɗa na iya yi wa mutum kirari da sunan kakanninsa, amma kirari ba ya tayar da wanda aka kayar. Saboda haka mai karatu a wannan yanki zai yi mamakin jin cewa a Amurka an shafe fiye da shekara 60 ana gudanar da wasan da suke kira wasan ƙasa, wato besbol, bisa wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a kowane kundi ba, wadda ta hana baƙar fata shiga babban fage komai gwanintarsa. Mutumin da ya karya wannan ƙa'ida a shekarar 1947 shi ne Jackie Robinson, ɗan wasan tsaron ciki na ƙungiyar Brooklyn Dodgers.

Yawanci akan ba da labarinsa a matsayin labarin haƙuri, mutumin da aka zaga bai rama ba har abokan gāba suka ji kunya. Lalle ya yi haƙuri. Sai dai haƙurin nasa yarjejeniya ce da aka ƙulla da sharaɗi da wa'adi, kuma da wa'adin ya cika sai ya buɗe baki bai sake rufewa ba har ya koma ga Mahalicci. Wanda ya tsaya ga shekarun shiru kaɗai ya ɗauki rabin tarihin ne ya bar rabi.

Yadda fagen yake

Kafin a fahimci abin da ya sha, sai an san aikin da yake yi. Filin besbol yana da zanguna huɗu da aka jera murabba'i, tsakanin kowane zango da na gabansa ƙafa 90, wato kimanin mita 27. Na farko da na ƙarshe wuri ɗaya ne, shi ake kira gida. Kamar ayarin fatake, ɗan wasa yakan tashi daga gida, ya sauka zango na ɗaya, na biyu, na uku, kuma ba a rubuta wa ƙungiyarsa maki sai ya dawo gida lafiya. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, ya wurgo ƙwallo mai tauri da gudun da yakan wuce kilomita 140 a awa, mai kulki kuma ya yi ƙoƙarin dukanta. In ya same ta sai ya yar da kulkin ya ruga. Abokan hamayya mutum tara ne a baje cikin fili, aikinsu su cafke ƙwallon su kai ta zango kafin mai gudu ya isa. In sun fitar da mutum uku sai a yi musanya, haka har juyi tara.

Huɗu daga cikin taran nan su ne ƴan tsaron ciki: mai tsaron zango na ɗaya, na biyu, na uku, da kuma mai tsaron tsakani, wanda ke tsayawa tsakanin zango na biyu da na uku. Su ne ƙwallo ke iskowa da zafinta, su ne kuma mai gudu ke afka wa. Ƴan wasan suna sa takalma masu haƙoran ƙarfe don kada su zame, kuma mai gudu yakan zube ƙasa ya sulale zuwa zango da ƙafafunsa a gaba. Wato ke nan duk wanda ke jin haushin ɗan tsaron ciki yana da hanyar da zai yanke shi a idon jama'a, ya ce tsautsayin wasa ne. A wannan gurbi aka ajiye baƙar fata na farko, sa'an nan aka ce masa kada ya rama.

Daga gonar aro zuwa bariki

An haifi Jack Roosevelt Robinson ranar 31 ga Janairu 1919 kusa da garin Cairo na jihar Jojiya, a gidan manoman da ke noma gonar wani su raba amfani da mai ita. Shi ne auta cikin ƴaƴa biyar. Uban ya bar gida tun yaron yana goye, uwar kuma, Mallie, ta kwashi ƴaƴanta a 1920 ta nufi Pasadena ta jihar Kalifoniya, inda ta rene su da aikatau a gidajen Turawa. Gidan gidan ƴan tsere ne. Yayansa Mack ya zo na biyu a tseren mita 200 a wasannin Olamfik na Berlin a 1936, bayan Jesse Owens, amma da ya dawo gida aikin da ya samu shi ne sharar titi. Ƙanen ya ga wannan da idonsa, ya kuma gane tun da wuri cewa lambar yabo ba ta sauya matsayin baƙar fata a garinsu.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, daga 1939 zuwa 1941, shi ne ɗalibi na farko da ya sami lambar makaranta a wasanni huɗu: ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, ƙwallon kwando, guje-guje da tsalle-tsalle, da besbol. A 1940 ya lashe gasar dogon tsalle ta jami'o'in ƙasar da tsallen da ya haura mita 7 da rabi. Abin mamaki, besbol ne wasan da ya fi rauni a kai a wancan lokaci.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi soja a 1942, ya kuma sami muƙamin laftana a Janairun 1943, bayan da zakaran dambe Joe Louis ya sa baki a kan jan ƙafar da ake yi wajen karɓar baƙaƙe a makarantar hafsoshi. Ranar 6 ga Yuli 1944, a barikin Hood na jihar Texas, direban motar soja ya umarce shi ya koma kujerun baya. Ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja a watan Agusta, hafsoshi tara suka saurari ƙarar suka wanke shi. Wannan ya faru ne shekara 11 kafin Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a Montgomery. Duk mai son sanin ainihin halin Robinson, a cikin wannan mota zai same shi.

Ƙofar da aka rufe

Ba tun fil'azal ƙofar take rufe ba. A 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga wa ƙungiyar Toledo a babbar gasa. Daga ƙarshen shekarun 1880 ne masu ƙungiyoyi suka yi shawara tsakaninsu suka daina ɗaukar baƙaƙe, daidai lokacin da jihohin kudu ke shimfiɗa dokokin wariya a makarantu da jiragen ƙasa da wuraren cin abinci. Da aka hana su, sai baƙaƙen suka kafa nasu. A 1920 Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyi a Kansas City suka kafa gasar baƙar fata ta farko da ta ɗore, kuma daga irin waɗannan gasanni aka sami gwanaye kamar mai jifa Satchel Paige da maduki Josh Gibson. Kasuwanci ne babba a hannun baƙaƙe, mai ciyar da ƴan jarida da direbobi da masu masauki.

A 1945 Robinson ya shiga ƙungiyar Kansas City Monarchs a matsayin mai tsaron tsakani, a kan dala 400 a wata. A watan Afrilun wannan shekara ƙungiyar Boston Red Sox ta gayyace shi da wasu baƙaƙe biyu gwaji don ta kawar da matsin lambar ƴan siyasar birnin, ta sallame su, ba ta sake waiwayarsu ba. Ita ce kuwa ta zamo ta ƙarshe da ta ɗauki baƙar fata, sai a 1959.

Amma zamani ya fara juyawa. Kenesaw Mountain Landis, shugaban wasan da aka daɗe ana wariya a ƙarƙashinsa, ya mutu a Nuwamban 1944. Sojoji baƙaƙe suna dawowa daga yaƙi da ƴan Nazi, jaridun baƙaƙe kuma, musamman Pittsburgh Courier ta bakin marubucinta Wendell Smith, sun hana kowa sakat. A nan ne Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya ga dama biyu a haɗe: gyaran zalunci, da kuma rumbun gwanaye da ƴan kallo wanda ba wanda ya taɓa.

Yarjejeniyar Brooklyn

Ranar 28 ga Agusta 1945 Rickey ya zauna da Robinson a ofishinsa na Brooklyn har kusan awa uku. Ya riƙa kwaikwayon mai otal da zai kore shi, da ɗan wasan da zai taka shi ya bi da ashar, don ya ga yadda zai yi. Robinson ya tambaye shi ko matsoraci yake nema. Amsar Rickey ita ce yana neman wanda ke da ƙarfin zuciyar da zai iya danne ramuwa. Lissafin a fili yake: ranar da baƙar fata ya ɗaga hannu a fili, ranar za a ce ga shi an gwada abin bai yiwu ba, a sake rufe ƙofa na wasu shekaru. Robinson ya yarda. Aka ba shi dala 3,500 na shiga da dala 600 a wata, aka sanar da duniya ranar 23 ga Oktoba.

Ba shi ne ya fi kowa gwaninta a gasar baƙaƙe ba, kuma tsofaffin hannu sun ji zafin tsallake su da aka yi. An zaɓe shi ne don ya yi jami'a, ya yi hafsa, ba ya shan giya, ya saba wasa tare da Turawa, yana kuma shirin aure. Ya auri Rachel Isum ranar 10 ga Fabrairu 1946, kuma amarcinsu ya ƙare ne a hanyar Florida, inda aka sauke su daga jirgin sama aka ba Turawa kujerunsu, suka ƙarasa tafiyar a bayan motar haya.

Rickey ya fara tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Montreal Royals a Kanada. A wasansa na farko, ranar 18 ga Afrilu 1946 a Jersey City, ya sami ƙwallo sau huɗu cikin tsayuwa biyar, ɗaya ma ya tsallakar da ita shinge, suka ci 14 da 1. Ya gama kakar a kan gaba a duk gasar da awon duka 349 cikin 1000, alhali wanda ya kai 300 ma gwani ake ce masa. A Montreal shi da matarsa sun zauna ne a unguwar masu jin Faransanci, maƙwabta suka karɓe su hannu bibbiyu, kuma ranar da ƙungiyar ta ɗauki kofi jama'a suka bi shi a titi da gudu don murna.

Shekarar 1947

Tun ana atisaye kafin buɗe kaka wasu ƴan Dodgers, akasarinsu ƴan kudu, suka fara zagayawa da takardar ƙin wasa da shi. Mai horarwa Leo Durocher ya tara su ya shaida musu cewa duk wanda bai yarda ba za a sayar da shi, maganar ta mutu. Pee Wee Reese, mai tsaron tsakani ɗan jihar Kentucky, yana cikin waɗanda suka ƙi sa hannu.

Ranar 15 ga Afrilu 1947, a filin Ebbets, gaban ƴan kallo 26,623, Robinson ya fita fage yana da shekara 28, da lamba 42 a bayansa. Da yake Eddie Stanky na riƙe da zango na biyu, sai aka ajiye shi a zango na ɗaya, gurbin da bai taɓa tsarewa ba sai a wannan bazara. Bai sami duka mai kyau ba a ranar, amma ya kawo maki ɗaya, suka doke Boston Braves 5 da 3.

Mako guda bayan haka ƴan Philadelphia Phillies suka zo, mai horar da su Ben Chapman ya jagoranci ruwan zagi daga benci, har ana ce masa ya koma gonar auduga. Robinson ya bayyana daga baya cewa a ranar ya kusa yar da komai ya nufi bencin nan da dunƙulallen hannu. Wasiƙun barazanar kisa suka riƙa zuwa. A wasu birane otal ɗin da ƙungiya ta sauka ya ƙi karɓarsa. Masu jifa sun same shi da ƙwallo a jiki sau 9 a kakar. A watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis ya taka masa ƙafa da haƙoran takalmi yana miƙe a kan zango.

Ramuwarsa a ƙafafunsa take. Akwai abin da ake kira satar zango, wato mai gudu ya tsere zuwa zango na gaba yayin da mai jifa ke shirin wurgi. A babbar gasa an yi watsi da wannan dabara an koma dogaro da duka mai nisa, alhali a gasar baƙaƙe ita ce gishirin wasa. Robinson yakan yi nesa da zango yana rausaya, ya yi kamar zai ruga ya fasa, har mai jifa ya rikice. Ya gama 1947 da awon duka 297, sata 29 wadda ta fi ta kowa a gasar National League, ya dawo gida da maki 125, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin ƴan wasa, wadda a shekarar aka ƙirƙiro ta. Dodgers suka ɗauki tutar gasar. Albashinsa dala 5,000 ne, mafi ƙanƙanta da ƙa'ida ta yarda a biya. A watan Yulin shekarar Larry Doby ya shiga Cleveland, ya buɗe ƙofar ɗaya gasar.

Da wa'adi ya cika

A 1948 aka sayar da Stanky, Robinson ya koma zango na biyu, inda gwanintarsa ta fito sarari. Babban aikin wannan gurbi shi ne kashe biyu a tashi ɗaya: mai tsaron tsakani ya cafke ƙwallo ya miƙo, na zango na biyu ya taka zango, ya juya, ya cilla ta zango na ɗaya, duk a cikin ƙiftawar ido, ga mai gudu kuma ya nufo ƙwaurinsa da takalmi. Shi da Reese sun zama kamar hannun dama da na hagu. A 1951 ya shiga cikin irin wannan kisa sau 137, fiye da duk wani mai tsaron zango na biyu a gasar.

A farkon 1949 Rickey ya sauke masa alkawarin shiru. A shekarar ce kuma ya fi kowace haskakawa. Bayan ya yi atisaye da tsohon gwani George Sisler a kan karkata duka zuwa dama, ya kai awon 342, ya yi sata 37, ya shigo da abokan wasa gida sau 124, aka naɗa shi gwarzon gasar baki ɗaya. Daga nan ya fara musu da alƙalan wasa, yana mayar wa mai zagi da martani, yana faɗin ra'ayinsa ga ƴan jarida. Waɗanda suka yabe shi jiya da ladabi suka koma kiransa mai girman kai. Abin da in Bature ya yi za a ce zafin nama ne, in shi ya yi sai a ce rashin godiya. A 1952 ya faɗa a talabijin cewa shugabannin New York Yankees suna nuna wariya, ga shi kuwa ba su ɗauki baƙar fata ba sai a 1955.

Siyasa ma ba ta ƙyale shi ba. A Yulin 1949 kwamitin majalisar wakilai mai farautar ƴan gurguzu ya kira shi don ya ƙaryata mawaƙi Paul Robeson, wanda aka ruwaito ya ce baƙaƙen Amurka ba za su yaƙi Tarayyar Sobiyet ba. Robinson ya saɓa wa Robeson, ya kuma yi amfani da zaman ya caccaki wariya, amma jaridu suka ɗauki rabin farko suka yar da na biyu. A littafin tarihin rayuwarsa na 1972 ya nuna nadamar amsa wannan gayyata.

A fage kuwa ya ci gaba da zama mutumin ranar wuya. A wasan ƙarshe na kakar 1951, a Philadelphia, da kunnen doki ya kai su juyi na 12, ya yi tsalle ya cafke ƙwallon da za ta kawo ƙarshen kakarsu, ya faɗi har numfashinsa ya ɗauke, sa'an nan a juyi na 14 ya tsallakar da ƙwallo shinge ya ba su nasara. A 1953 ya bar wa matashi Jim Gilliam zango na biyu, ya koma zango na uku da tsaron waje. Cikin kaka goma, Dodgers sun ɗauki tutar gasa sau shida, a 1947, 1949, 1952, 1953, 1955 da 1956, kuma kowane karo Yankees suka tarar a gasar ƙarshe. Sau ɗaya suka yi galaba, a 1955. A wasan farko na wannan karo, yana da shekara 36, ga furfura ga nauyin jiki, ya saci gida kansa a gaban mai cafka Yogi Berra, wanda har ya tsufa bai yarda alƙali ya yi daidai ba. Satar gida ita ce mafi wuya a wasan, Robinson ya yi ta sau 19 a wasannin kaka.

Jimillar abin da ya bari a Brooklyn: wasa 1,382, duka mai kyau 1,518, tsallake shinge 137, sata 197, awon duka 311. Ya tsare zango na biyu a wasa 748, na uku a 256, na ɗaya a 197. In aka haɗa da tsaron tsakani da ya yi a Kansas City, babu gurbin ciki da bai riƙe ba.

Bayan fage

Rickey ya bar Brooklyn a 1950, kuma jini bai haɗu tsakanin Robinson da sabon mai ƙungiya Walter O'Malley ba. A Disamban 1956 aka sayar da shi ga abokan gābarsu na gari ɗaya, New York Giants. Ya riga ya yanke shawarar ajiye kulki, sai ya sanar da haka a Janairun 1957, ya kama aikin mataimakin shugaba mai kula da ma'aikata a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts. Babu ƙungiyar da ta yi masa tayin horarwa.

Ya zagaya ƙasa yana tara wa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP kuɗi, ya halarci gangamin Washington na 1963 tare da Martin Luther King, ya sa hannu wajen kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem a 1964. Ya goyi bayan Richard Nixon a zaɓen 1960, daga baya ya ce ya yi kuskure. Ya yi cacar baki da Malcolm X a jaridu, wasu matasa masu zafin ra'ayi suka riƙa kiransa ɗan amshin shatan Turawa. Mutumin da Turawa suka ga ya cika baki, ga shi ƴan uwansa na ganin ya cika sanyi.

An shigar da shi zauren gwanayen besbol a 1962. Amma jiki ya riga ya gaji. Ciwon sukari ya cinye masa gani, zuciya ta raunana, babban ɗansa kuma ya mutu a haɗarin mota a 1971 yana da shekara 24. Ranar 15 ga Oktoba 1972 aka karrama shi a Cincinnati yayin gasar ƙarshe. Ya yi godiya, sa'an nan ya ƙara da cewa farin cikinsa ba zai cika ba sai ya ga baƙar fata yana jagorancin ƙungiya. Kwana tara bayan haka, ranar 24 ga Oktoba, ya mutu yana da shekara 53. Sai a 1975 Frank Robinson, wanda suna kawai suka haɗa, ya zama mai horar da Cleveland.

Riba da hasara

Shigar Robinson ta riga umarnin Shugaba Truman na 1948 na kawar da wariya a soja, ta riga hukuncin kotun ƙoli na 1954 a kan makarantu. Miliyoyin Amurkawa a filin wasa suka fara ganin baƙi da fari suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Amma an biya kuɗin wannan nasara daga aljihun baƙaƙe. Rickey bai ba Monarchs ko sisi ba a kan ɗan wasansu. Ƴan kallo suka bi gwanayensu zuwa manyan filaye, ɗaya daga manyan gasannin baƙaƙe biyu ta rushe bayan kakar 1948, ɗayar ta yi ta jan ciki har ta mutu. An karɓi ƴan wasa, an bar masu ƙungiyoyi da masu horarwa da magatakarda a waje. Josh Gibson ya mutu a Janairun 1947, wata uku kafin a buɗe ƙofar. Sai a 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, kuma da aka haɗe alƙaluma a 2024 sai ga Gibson a kan gaba a tarihin awon duka da 372, ya ture Ty Cobb.

A 1997 aka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyi, kuma tun 2009 kowane ɗan wasa ita yake sawa ranar 15 ga Afrilu. Duk da wannan girmamawa, baƙaƙen Amurka da suka kai kusan kashi 18 cikin 100 na ƴan wasa a shekarun 1980 sun ragu zuwa wajen kashi 6 a shekarun 2020, kuma a gasar ƙarshe ta 2022 babu ko ɗaya haifaffen Amurka, abin da ba a gani ba tun 1950.

Ita kuwa Afirka sai da ta jira shekara 70 cur. Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, ya tashi ne a wani ɗan ɗaki na ginin kulob ɗin besbol a Randburg, inda uwarsa ke aikin shara da wanki. Pittsburgh Pirates, ƙungiyar da Rickey ya koma bayan ya bar Brooklyn, ta ɗauke shi a 2008, ya yi kusan shekara tara a ƙananan gasanni. Ranar 26 ga Afrilu 2017 aka shigo da shi wasa da Chicago Cubs, ya sami ƙwallo a tsayuwarsa ta farko, ya zama baƙar fata haifaffen Afirka na farko a babbar gasa. Gurbin da aka ba shi a daren shi ne zango na biyu.